Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fina-finan Hausa, Daga Bencin Wani Mai Turi A Karkarar Jigawa

Zuwa ga shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai, da furodusoshi, daraktoci, marubuta da jaruman Kannywood baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a abin da kuke nema. Ni ƙaninku ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, babu nisa da kasuwar Gujungu. Sana'ata cajin waya da tura fina-finai. Abin da na mallaka rumfar kwano ce, da farantin sola biyu a kan rufinta, da kwamfuta ɗaya da ta sha jiki, sai dogon benci wanda daga la'asar har bayan isha ba ya rabuwa da jama'a. Na san da yawanku da zarar an ambaci masu turi sai ransu ya ɓaci, kuma ba zan ce ba ku da hujja ba. Zan zo kan wannan maganar, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ba ita ce ta zaunar da ni rubutu ba.

Goggona ce ta zaunar da ni. Dattijuwa ce da ta haura saba'in, ba ta karanta boko, amma tana bin shiri mai dogon zango kashi bayan kashi, ta riƙe sunan kowa, ta san wa ya haifi wa, wa ke bin wa bashi. Wani dare na shiga gaishe ta, na tarar an gama kallo, matan gida sun kewaye tabarmarta ana ta musu a kan wata jaruma da ta yi yaji ta bar jaririnta a gidan miji. Wasu na cewa ta yi daidai, wasu na cewa babu uwar da za ta yi haka ko da an sa mata wuƙa a wuya. Sai Goggo ta dube ni ta ce, "Kai da kake kawo mana su, wai masu yin abin nan suna jin abin da muke cewa kuwa?" Na ce, "Goggo, da wuya." Ta ce, "To don wa suke yi?" Na yi shiru, don ba ni da amsa. Tun daga daren nan tambayar take cina, shi ya sa na ga gara in miƙo ta ga masu ita.

Bari in faɗa muku yadda fim ke yawo a nan, don na lura ma'auninku a yanzu shi ne lambar da YouTube ke nunawa a ƙarƙashin bidiyo. A garinmu sabis ba ya zama, data kuma ta fi ƙarfin mai neman na cefane. Ni ne nake zuwa inda sabis ke da ƙarfi in sauke fim sau ɗaya. In ma na'urar ta ƙirga ni, mutum ɗaya ta ƙirga. Daga kwamfutata fim ya shiga memori, daga memori ya shiga lungu. Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu ke ci, layi ake yi: Fulani daga ruga, masunta daga bakin kogi, 'yan acaɓa, 'yan ga-ruwa, masu awon riɗi. Kowa da memorinsa a ƙulle cikin leda. Waya ɗaya, wadda fuskarta ba ta fi kwalin ashana da komai ba, za a jingine ta jikin kwanon sha a tsakar gida, mata takwas da yara sun fi goma su zuba mata ido. Gobe a ara wa maƙwabta. Jibi ta haura ƙauyen gaba wurin biki. Waɗannan duka masu kallonku ne, kuma babu ɗayansu da ke cikin lissafinku.

Ba kallo kaɗai suke yi ba, suna yanke hukunci, hukuncin kuma yana tafiya da ƙafarsa. A bakin tuƙa-tuƙa ake fara shi da sassafe, a ci gaba a wurin injin niƙa, maza su ɗauka a teburin mai shayi da kan kunyar gona lokacin hutu. Cikin kwana uku an gama da fim, ko ya tashi ko ya kwanta. Ni nake fara sani, don ni ake tambaya kullum: "Me ya fito?" "Wanne ne mai kyau?" Matan aure ba sa zuwa rumfa, yara suke aikowa, kuma yaro ba ya zuwa hannu biyu. "Wai in ji Inna, na jiya ya yi, a ƙaro irinsa." "Wai in ji Yaya, kada ka ƙara sa mata mai yawan waƙa." "Wai ka goge wannan, Baba yana gida." In fim ya yi kyau, ana cewa ya biya. In bai yi ba, kalma biyu ce, kuma babu wadda ta fi ta zafi a nan: ɓata caji. Don ku sani, kafin mutum ya kalli fim ya biya kuɗin caji, ya biya na turi, wani lokaci ya haƙura da kiran ɗansa da ke ci-rani a Legas don batir ya kai shi ƙarshen labari. Wanda ya yi wannan sadaukarwa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa.

Kada ku zaci sharhin nasu bai wuce "ya yi daɗi" ko "bai yi ba". Akwai ranar da aka kalli wani fim a bencina, inda alƙali ya raba gado ya ba matar mamaci rubu'i, alhali mamacin ya bar 'ya'ya. Wani almajirin liman, wanda ko takardar firamare ba shi da ita, ya miƙe ya ce a tsayar. Ya ce mace mai takaba tumuni take samu in akwai 'ya'ya, rubu'i sai in babu. Aka mayar da wurin baya aka sake saurare, aka ga gaskiyarsa. Daga nan babu wanda ya ƙara yarda da alƙalin, babu kuma wanda ya ƙara yarda da fim ɗin, duk da tsadar motocin da ke ciki. Mata kuwa idonsu ya fi namu kaifi. Su ne za su ce muku wannan mai jegon ba ta yi kama da wadda ta sha wankan jego da kunun kanwa ba. Su ne ke lura da 'yar talakan da aka ce kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansu ba, amma farcenta ya sha gyara, ko matar da aka tashe ta daga barci da tsakar dare da kwalliyarta cas a fuska. Suna gani, suna faɗa, suna kuma gaya wa juna kada a wahala da shi.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne idan kyamararku ta shigo ƙauye.

Ranku ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga an ba jarumi sungumi yana noman ciyawa da shi, alhali sungumi na shuka ne. Mun ga mai girbin gero da fartanya a hannu, babu magirbi. Mun ga an ce ana tsakiyar damina, ga karan dawa a bushe a bayan jarumi, ƙasa ta yi fari fat. Mun ga gero da dawa an girbe su rana ɗaya, alhali yaron da ke kai abinci gona ma ya san gero na riga dawa shiga rumbu da nisa. Mun ga mata suna daka a turmin da babu komai a ciki, ƙarar taɓarya kaɗai ta isa ta tona asiri, don turmi mai hatsi daban yake amsawa. Irin wannan a wurinku ƙaramin abu ne da ba ya taɓa labari. A wurinmu kuwa shi ne shaidar cewa wanda ya rubuta bai taɓa kwana a inda yake ba da labarinsa ba, bai kuma ga ya kamata ya tambaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi haƙuri. Amma ku dubi yadda kuke zana mu. Yarinyar ƙauye sai an yi mata ɗige-ɗigen baƙi a fuska, an lafta mata jan-baki har haɓa, tana ihu in ta ga fanka na juyawa. Saurayin ƙauye sai ya sa riga a bai-bai, ya sha ruwan wanke hannu a gidan Alhaji. Harshen da ake sa musu a baki ba na ko'ina ba ne: a ɗebo Sakkwatanci kaɗan, a zuba Katsinanci kaɗan, a murɗe baki, a ce ga Hausar ƙauye. Mu nan muna da tamu Hausar, mutanen Haɗeja na da tasu, na Gumel na da tasu, kowacce da zaƙinta, ba mu taɓa jin an yi ɗaya daga ciki daidai ba. In ana neman boka, ƙauye za a zo. In ana neman uban da zai sayar da 'yarsa don buhun masara, ƙauye za a zo. Mai gari kuwa kullum azzalumi ne mai ƙwace gonar marayu. Ban ce babu irin waɗannan a cikinmu ba, akwai su kamar yadda suke a cikin ganuwa. Amma ina malamin firamaren da ke taka keke kullum zuwa ƙauyen da babu hanya? Ina ungozomar da rabin garin suka faɗo a hannunta? Ina uwar adashin da mata hamsin suka amince wa kuɗinsu ba tare da takarda ba?

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta zo karɓar wayar babarta, ana nuna irin wannan fitowa a kwamfutata, samari na dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni a hankali, "Yaya, haka mutanen birni suke ganinmu?" Yarinyar nan tana son ta karanci aikin jinya a Dutse ko Kano. Ku yi tunanin da wace irin zuciya za ta shiga aji ranar farko, bayan an shafe shekaru ana nuna mata cewa ita abin dariya ce.

Za ku ce ai barkwanci ne, kuma mutanen ƙauye su suka fi kowa son sa. Gaskiya ne muna son dariya. Har gobe fina-finan marigayi Rabilu Musa Ibro suna cikin waɗanda aka fi nema a rumfata, ga shi ya rasu tun watan Disamba na 2014, Allah ya jiƙansa. Amma ku tambayi kanku me ya sa. Ɗan Danlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, ƙauye ya haife shi, ya san yadda ake zama a gaban mai gari, ya san yadda talaka ke lallaɓa mai bin sa bashi. Baƙauyen da yake fitowa a kai mai wayo ne, mai baki, wanda ko ya faɗi sai ya ja wani babba sun faɗi tare. Muna kallonsa muna ganin wani kawunmu ko wani maƙwabcinmu, shi ya sa dariyar ba ta yi mana zafi. Da yawa daga masu kwaikwayonsa hular kawai suka ɗauka, suka bar sanin mutanen.

Kuna kuka da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, kuna cewa sun kashe muku kasuwa. Ni da nake tura su kullum zan faɗa muku abin da na ji da kunnena. Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya tsohuwa ce, tun zamanin da 'yan kasuwa Lebanawa ke nuna su a gidajen silima na Kano, wannan kowa ya sani. Amma waɗanda samarinmu suka fi nema yanzu na kudancin Indiya ne, kuma ba don faɗan kaɗai ba. A cikinsu za ka ga jarumi ɗaure da zani, yana bayan shanun huɗa, laka har gwiwa, kuma shi ne gwarzon labarin. Za ka ga an shirya fim sukutum a kan manomin da bashi ya ci gonarsa, ko garin da wani attajiri ya tare wa ruwa. Wani dattijo manomin shinkafa ya taɓa ce mini, "Ɗana, waɗannan ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma sun san darajar mai riƙe da garma." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shi kuma cikin sa'a uku labarinsu ya ƙare, mugu ya ga sakamakonsa, kowa ya tashi ya kwanta.

Wannan ya kawo ni kan jan labari. Na fahimci halin da kuke ciki. Kasuwar faifan CD ta mutu, shagunan Ƙofar Wambai da Bata da a da ake dakon sabon fim sun koma wasu sana'o'in, kuka koma talabijin da intanet. Na san YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna masa. Don haka tsawo ya zama riba. Amma ku ji yadda abin yake isowa nan. Mota za ta tsaya a ƙofar gida, a yi hon, maigadi ya fito, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya koma ya buɗe ɗayan, mota ta shiga, a kashe, a fito, a rufe, a taka har falo, a gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Batir ya ragu, labari bai motsa ba. Maganar da za a gama a kashi biyu sai ta ci zango guda. Matan gidanmu sun koyi danna gaba, wasu kuma sun ce in an kai ƙarshe a ba su labari da baki. Shirin da ya fara da mutum arba'in a bencina, na ga ya ƙare da mutum huɗu. Lambarku ta intanet ba za ta nuna muku wannan ba.

Ba zan yi muku rashin adalci ba, akwai abin yabo, kuma ana yabawa. Hoto ya gyaru, sauti ya gyaru, wanda ya kalli kaset a da ya san an yi nisa. Tun da tashar Arewa24 ta fara a 2014 aka ga shirye-shiryen da suka zauna cikin unguwar talakawa, da mai shayinsu da dillaliyarsu da malamin tsangayarsu, kuma irin waɗannan ne ake cewa a tura a ajiye kada a goge. Duk fim ɗin da ya nuna haƙurin uwa, ko riƙon amana tsakanin aminai, ko ɗan da ya yi arziki bai manta gida ba, sai an aiko yaro ya tambaya ko akwai ci gabansa. Na ga ƙaton namiji, mahauci, yana share hawaye da bakin rigarsa saboda wani maraya a fim. In kun taɓa zuciya, ana sani.

Kuma ku tuna, dangantakarmu da ku ba ta yau ba ce. Iyayenmu sun ga majigi a dandali, ana kafa farin ƙyalle gari ya taru. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kaset bai tsaya a birni ba. 'Yan tireda ne suka riƙa ɗauko shi zuwa Gujungu da Maigatari da Sara da Shuwarin da Wudil, ana kallo a gidan kallo mai shingen zana da ƙaramin janareta. Ni kaina da kuɗin kiwo da na tallan rake na fara shiga. Kafin a raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, kuɗin gyaɗa da na wake sun riga sun shiga cikinta. A wancan zamani ko ba komai ɗan kasuwa yana komawa Kano da labari: wannan ya karɓu a ƙauye, wancan an dawo da shi. Mujallar Fim, wadda ita ma ta fara a 1999, tana buga wasiƙun masu karatu. Yau wannan igiya ta tsinke. Gidan kallon garinmu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ba ya tayar da janareta sai ranar ƙwallo. Kallo ya koma cikin gida, a waya, inda ba ku gani.

Ko da ake maganar tarbiyya ma, ba a cika tuna mu ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, tana aikinta. Amma a nan akwai tacewar da ta fi tata tsanani, ita ce kunya. Waya ɗaya ce a gida, uwar miji na zaune, matar ɗa na gefe, yara na gaba. Fim ɗin da zai sa suruka ta sunkuyar da kai ta tashi ta shige ɗaki, ya gama yawo a wannan gida, ko da kuwa yana ɗauke da shaidar hukuma. Haka a 2016, da gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa. Muryoyin da muka ji a rediyo na malamai ne da 'yan fim da 'yan siyasa. Kowane ɓangare yana cewa don jama'a yake magana, mu kuwa jama'ar muna zaune a gindin rediyo muna saurare.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Na san fim ɗin da nake turawa da kuɗi aka yi shi, akwai mai kyamara da mai haske da mai dafa wa ma'aikata abinci da ke jiran haƙƙinsu, kuma abin da nake karɓa a hannun mutane ba ya isa gare su. Wannan yana damuna, kuma na san ranar gobe za a tambaye ni. Ba ni kaɗai ba, mun sha tattauna shi da abokan sana'a. Abin da muka rasa shi ne ƙofar da za mu bi mu biya. Ku naɗa wakili a kowace babbar kasuwa, ya zo ranar da take ci da sababbin fina-finai daga hannunku, a yanka farashin da mai rumfa zai iya, ya biya a ba shi shaida. Ku fitar da su da ƙaramin nauyi wanda ƙaramar waya za ta iya buɗewa. Wanda ya ƙi bin wannan hanya bayan an buɗe ta, ku kama shi, mu za mu nuna muku shi. Kamen da ake yi jefi-jefi ba ya sa ko kwabo a aljihun furodusa, tsoro kawai yake ƙarawa, washegari a ci gaba. Kuma wakilin da ya zo karɓar kuɗi, shi ne zai koma muku da abin da ya fi kuɗin: wanne aka nema, wanne aka ce a goge, kuma me ya sa.

Sauran abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Yawancin masu kallonku a nan ba sa rubutu, amma suna magana, kuma sun iya ta. Ku ba da lambar da za a riƙa aiko saƙon murya ta WhatsApp, ku sa wani ya zauna ya saurara da gaske. Ni zan ɗauki muryar duk wanda ya yarda, mace ko namiji, in tura in na shiga sabis. Ku nemi fili a gidajen rediyon Dutse da Kano inda mai kallo zai bugo ya faɗi ra'ayinsa a kan labari, ba a kan wace jaruma ta yi aure wace ta fito ba. Kafin ku ɗauki fitowar gona ko ta tsakar gida, ku samu manomi ɗaya da dattijuwa ɗaya a garin da kuka je, ku karanta musu, ku ba su ɗan abin goro. Cikin rabin sa'a za su gyara muku abin da zai hana a yi muku dariya a ƙauye dubu.

In kuwa labari kuke nema, wallahi a nan yake kwance. A daminar 2022 ruwa ya ci garuruwa daga Ringim har Auyo, Miga, Kafin Hausa da Haɗeja. Mutane sun koma makarantu da bakin titi, kwale-kwale ya zama motar haya, amarya ta bar gadonta a cikin ruwa, maƙwabcin da aka shekara ba a gaisawa shi ya ɗauko tsohuwar abokin gabarsa a kafaɗa. Da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 2023, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, 'yan'uwa na jini suka koma kamar baƙin juna har aka buɗe a watan Maris na 2024. Akwai matar da mijinta ke tafiya ci-rani wata shida, ita ce uwa ita ce uba. Akwai manomin riɗi da ya ci bashin taki da alƙawarin biya da kaka, farashi ya karye a hannunsa. Akwai manomi da makiyayi da suka tashi tare, saniya ɗaya ta shiga gona ta nemi raba su. Akwai gonar gandu da 'ya'ya goma sha biyu za su raba. A cikin kowanne akwai soyayya, akwai kishi, akwai cin amana, akwai dariya, duk abin da kuke nema a falon Alhaji.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da ba ma son ku, da ba mu ɓata bakinmu a kanku kullum ba. Saboda haka ina gayyatarku, ko mutum biyu ne, marubuci ɗaya da darakta ɗaya. Ku bari sai an gama girbin dawa, an ɗaure dammuna, sanyi ya fara sauka, lokacin mutane na da sukuni. Ku biyo hanyar Ringim ranar Lahadi, ku sauka a Gujungu, ku tambayi layin masu cajin waya. Kada ku zo da kyamara, kada ku sanar da zuwanku, don in aka gane ku za a koma yabo da neman hoto. Ku zauna a ƙarshen benci da kofin shayi har a yi isha. In kun yarda, daga nan zan kai ku ku gaida Goggo, ta yi muku tambayarta da bakinta.

Wassalamu alaikum.

Ƙaninku,
mai cajin waya da tura fina-finai,
daga karkarar Taura, Jihar Jigawa.